Ko Kun Sani? Ba Kowane Zawo Ne na Haƙori Ba

A cikin birnin Zazzau, da zarar jariri ya fara gudawa sai ka ji an ce haƙori ne. Sau da yawa kuwa ƙwayar cutar rota ce, wadda ta fi kowace jawo zawo mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ta fi yin tashe lokacin hunturu.

Gidan raino nan ne kasuwarta. Mai raino ta canja wa wannan kunzugu, ba ta wanke hannu da sabulu ba ta dama wa wancan koko; ga abin wasa ɗaya yana yawo baki-baki. Ƙwayar kan yi kwanaki a kan tabarma ba ta mutu ba.

Tun watan Agustan 2022 Najeriya ta sa rigakafinta cikin na yau da kullum, kyauta. Ɗigo ne a baki, a mako na 6, na 10 da na 14.

In zawon ya zo, a ci gaba da ba da nono, da ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma? Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan.