Ta Ina Za A Fara Sauraron Tina Turner?

'Yan'uwana matan aure, da ku 'yammata na makaranta, yau zancen kiɗa da waƙa za mu yi, amma ba na gida ba. Sau da yawa mace takan ji wata waƙar Turanci a rediyo ko a wayar ƙanenta, muryar ta kama ta, ta tambayi sunan mai waƙar a gaya mata. In ta je nema sai ta tarar mai waƙar nan ta yi shekara hamsin tana yi, fayafayanta sun fi gaban ƙirga da yatsu. Sai ta taɓa nan ta taɓa can, ta faɗa kan wadda ba ta yi mata ba, ta ce ashe abin ba shi da daɗi, ta bari. Ba waƙar ce da laifi ba, ƙofar da aka shiga ce ba daidai ba. Shi ya sa masu sha'awar kiɗa suke ɓata lokaci mai yawa wajen gardamar faifan da ya kamata baƙo ya fara ji.

Wadda na zaɓa mana ita ce Tina Turner, Baƙar Ba'amurkiya, wadda ake yi wa kirari da sarauniyar kiɗan rok. An haife ta cikin 1939, ta rasu ran 24 ga Mayu, 2023, tana da shekara 83. Shi kiɗan rok, in ba ki sani ba, kiɗa ne mai ƙarfi da ake yi da jita mai aiki da lantarki, da wata jita mai kaurin murya, da ganguna. Tushensa yana cikin waƙoƙin Baƙaƙen kudancin Amurka, na baƙin ciki da na coci, ko da yake daga baya Turawa maza suka fi yin suna da shi. Faifai kuwa da nake faɗi, babba nake nufi, mai ɗauke da waƙa wajen goma, wanda mawaƙi yakan shirya a ji shi daga farko har ƙarshe. Yau ba sai da garmaho ba. Kina rubuta sunan faifan a YouTube ko Spotify zai fito miki.

To, masoyan Tina sun kasu uku a kan wannan magana. Waɗansu sun ce a sayi Simply the Best, faifan da aka tattara shahararrun waƙoƙinta a ciki cikin 1991, a huta. Waɗansu sun ce a bi abu daga tushe, a fara da waƙarta ta 1960 a gangaro. Na uku sun ce a fara daga tsakiya, da faifan Private Dancer na 1984.

Ni ina tare da na ukun. Na farkon ba su yi ƙarya ba, amma faifan tattarawa kamar a zuba miki tuwo da fura da alewa ne cikin kwano ɗaya. Kowanne da daɗinsa, sai dai ba za ki san wanda aka fara dafawa ba, balle dalili. Na biyun kuwa sun manta kunnen da bai saba ba. Waƙoƙin 1960 an ɗauke su da na'urorin wancan zamani, amonsu siriri ne, yarinyar da ta tashi da kiɗan yau tana iya gajiya kafin ta kai ga abin da ake so ta ji.

Amma kafin ki kunna Private Dancer, ya kamata ki san halin da mai shi take ciki sa'ad da ta yi shi, gama rabin daɗin faifan yana nan. Cikin watan Yuli na 1976, a birnin Dalas, Tina ta gudu daga hannun mijinta Ike Turner bayan wani faɗa da suka yi cikin mota. Ta jira ya yi barci a masauki, ta fita, ta ƙetare babban titi da ƙafa, ba ta da kome sai senti 36 da katin shan man mota. Senti 36 ko rabin dala bai kai ba. Shekara goma sha shida tana waƙa ƙarƙashinsa, shi ke riƙe da kuɗi, shi ke shirya kiɗa, shi ke dūka. Da aka raba auren cikin 1978 ta bar masa kusan dukan dukiya, ta ɗauki bashin wasannin da aka soke saboda gudunta, ta nace kan abu ɗaya, watau sunan da duniya ta san ta da shi. Ta yi zaman gidajen ƙawaye tana yi musu shara da wanke-wanke, ta yi waƙa a otal-otal don biyan bashi. Kamfanonin faifai na Amurka suka ɗauka ta ƙare, don mace ce, Baƙa, ta wuce arba'in, kuma wai rok take son yi.

Ingila ce ta buɗe mata. Cikin 1983 ta maimaita wata tsohuwar waƙar Al Green mai suna Let's Stay Together, ta karɓu ƙwarai a can, sai kamfanin Capitol ya ce a yi faifai maza-maza. A Landan aka yi shi, cikin 'yan makonni kaɗan.

Ki fara da What's Love Got to Do with It. Waƙar mace ce wadda ta taɓa ƙonewa, tana jin zuciyarta na karkata ga wani, tana kuwa ja mata linzami. Ki lura da yadda take fara ta ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta a ɗaki, sa'an nan wajen amshi muryar ta tsage ta yi sama. Abin dariya, da aka fara kawo mata waƙar ba ta so ta ba, ta ga ta yi laushi da yawa, sai da manajanta Roger Davies ya lallashe ta. Ita ce kuwa ta hau kan dukan waƙoƙin Amurka cikin Satumba 1984, Tina tana da shekara 44. Daga nan ki wuce Better Be Good to Me, wadda ita ce rok sosai a cikin faifan, mace tana gindaya wa mai nemanta sharaɗi ba tare da sunkuyar da kai ba. Ta uku ita ce wadda aka sa wa faifan sunanta. Mark Knopfler ya rubuta ta, Jeff Beck ya kaɗa jitar da ke tsakiya. Labarin wata ce mai rawa don kuɗi, jikinta yana wurin, hankalinta yana can ga gidan da take fatan samu. Doguwa ce, mai sanyi, kada ki kunna ta kina daka. An sayar da faifan nan fiye da miliyan 10, kuma cikin 1985 ya kawo mata lambar Grammy uku.

Ga wata 'yar magana a gefe, musamman gare ku iyaye. In kun ga hotunan wasanta za ku tarar da gajeren tufafi da rawa mai zafi, irin na filin wasan ƙasarsu. Ni kunne na aike ku da shi. Wadda ba ta son hoton sai ta nemi muryar kaɗai, ba abin da zai ragu.

In kunnenki ya saba da muryar, to, sai a koma baya, a nan ne kuwa gardama ta fi zafi. Akwai mata da yawa cikin masoyanta da suke cewa ba za su saurari kome mai sunan Ike a kai ba. Ba a ce ba su da hujja ba. Abin da Tina ta faɗa cikin littafin tarihinta na 1986 ba ya jiwuwa, shi kansa Ike kuwa, cikin nasa littafin na 1999, ya amsa ya mare ta ya kuma naushe ta, ko da yake ya ƙi ya kira wannan dūka. Har sunan ma dabara ce. Sunanta na yanka Anna Mae Bullock. Shi ya laƙaba mata Tina Turner cikin 1960, ya yi wa sunan rajista a matsayin mallakarsa, don in ta tafi ya sa wata a gurbinta da sunan nan.

Duk da haka ni ban yarda a tsallake shekarun nan ba. Guminta ne a ciki. Wadda ta ƙi jin su don ta hukunta mijin, matar ta ƙwace wa aikin shekara goma sha shida, ta bar wa Ike abin da yake ta da'awa tun farko, cewa nasa ne.

Waƙa huɗu sun isa. Ta fari A Fool in Love, ta 1960. Wani namiji aka shirya zai rera ta, bai zo ba, an riga an biya kuɗin ɗakin ɗaukar murya, sai aka ce Anna Mae ta riƙe wurin kafin a same shi. Shekararta ashirin. Da mai kamfanin Sue ya ji, ya ce kada a taɓa, a bar muryar nan. Tana buɗe waƙar da wata irin kururuwa mai gurnani, ba kiɗa ba kome, sa'an nan 'yan amshi mata su karɓa. Duk wadda ta saba da yadda marigayiya Barmani Coge take jefawa 'yan amshinta suna cafewa, ba za ta ji baƙunci a nan ba.

Ta biyu River Deep – Mountain High, ta 1966, ita ce ni na fi so cikin dukan abin da ta yi. Phil Spector ne ya shirya ta, ya tara makaɗa fiye da 20 a ɗaki guda, ya sa Tina ta yi ta maimaitawa har ta jiƙe sharkaf da gumi. Sunan Ike yana kan faifan, amma ba hannunsa ba muryarsa a cikin waƙar. Wannan ne karo na farko da wani ya ce mata ta bar ihu ta bi karin waƙa, ya nuna mata muryarta tana iya abin da mijin bai taɓa nema ba. A Amurka waƙar ta faɗi, ta tsaya a ta 88. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne gidajen rediyon Turawa sun ga ta Baƙaƙe ce, na Baƙaƙe sun ga ta Turawa ce. A Ingila kuwa ta kai ta 3, har 'yan ƙungiyar Rolling Stones suka gayyace su yawon wasa a shekarar. Ki riƙe wannan, shi ya sa bayan shekara goma sha bakwai ta sake samun mafaka a Landan.

Ta uku Proud Mary, ta 1971. Asalinta ta ƙungiyar Creedence Clearwater Revival ce, ta 1969, labarin jirgin ruwa a kogin Misisifi. In kina da hali ki ji ta asalin tukuna, sa'an nan ki ji yadda Tina ta raba ta biyu, rabin farko a hankali kamar tafiyar raƙumi, rabi na biyu kamar an saki doki. A shekarar nan ce kuma, ran 6 ga Maris, suka yi wasa a Ankara babban birnin Gana, a bikin Soul to Soul na cikar ƙasar shekara 14 da samun mulkin kai, tare da Wilson Pickett da Santana da waɗansu. An ɗauki bikin a fim, yana nan har yau.

Ta huɗu Nutbush City Limits, ta 1973, wadda ita da kanta ta rubuta a kan ƙauyen da ta girma a jihar Tenesi, inda ta tsinci auduga tana yarinya. Ku 'yan makaranta, makarantar da ta yi a can ɗaki ɗaya ce tak ta katako, ta 'ya'yan Baƙaƙe zalla, gama a lokacin ba a haɗa su da 'ya'yan Turawa. An ɗauke ginin an kai garin Brownsville, cikin 2014 aka buɗe shi ya zama gidan ajiye kayan tarihinta.

Wadda har yanzu zuciyarta ba ta kwanta da sunan Ike ba, akwai mafita. Cikin 1993, da aka yi fim ɗin rayuwarta wanda Angela Bassett ta fito a matsayinta, Tina ta sake rera A Fool in Love da Proud Mary da Nutbush ita kaɗai, aka sa su a faifan fim ɗin. Ni ina ganin na dā sun fi wuta. Amma ki jera su, ki ji muryar 'yar shekara ashirin da ta mai hamsin da uku a kan waƙa guda, ki yanke da kanki.

Sauran na baya ba su bukatar dogon bayani. The Best, ta 1989, ita ce wadda kika fi yiwuwa kin taɓa ji ba ki san mai ita ba, Bonnie Tyler ce ma ta fara rera ta shekara guda kafin nan. We Don't Need Another Hero ta 1985 da GoldenEye ta 1995 waƙoƙin fim ne, suna da kyau, amma kowace ƙwararriyar mawaƙiya tana iya yin kusa da su. Fayafayanta na ƙarshen shekarun 1970, irin su Love Explosion, ki bar su sai kin zama gwana, ko a lokacinsu ba su yi kasuwa ba.

Abin da za ki ajiye na ƙarshe shi ne faifan Tina Live in Europe na 1988, wanda aka ɗauka a gaban jama'a. Masoyanta duka, na kashi ukun nan, sun yarda a fili ta fi ƙarfi bisa cikin ɗakin ɗaukar murya. Cikin Janairu na wannan shekara ta yi wasa a filin ƙwallo na Marakana a Barazil gaban mutum wajen 180,000. Faifan biyu ne a haɗe, ya kusa awa biyu, saboda haka sai ranar da kika gama aiki da wuri.