Kiɗan Da Ake Rubutawa Kafin A Kaɗa

A kiɗan kilasika na Turai da Amurka, wanda ya ƙirƙiri kiɗa daban, masu kaɗa shi daban. Mai tsarawa yakan zauna da takarda ko kwamfuta ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa, da inda zai ɗaga, da inda zai yi shiru, sannan ya miƙa wa mutanen da wataƙila bai taɓa gani ba. Da yawa sun ɗauka aikin ya ƙare tun zamanin su Beethoven. Har gobe ana yi. Kuma in ka duba yadda masu yin sa a yau ke aiki, za ka ga ba zama suke yi jiran ilhama ba. Kunne suke kasawa, in suka tsinci wani ɗan abu su ɗaure kansu da shi tamau.

Steve Reich, Ba'amurken da aka haifa a 1936, ya taɓa naɗar muryar wani mai wa'azin Kirista a dandalin birnin San Faransisko. A 1965 ya yanko ɗan guntun maganar mutumin ya sa a rikoda biyu don su riƙa maimaitawa tare. Ashe ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauri. Muryoyin suka fara tafiya kafaɗa da kafaɗa, sannu a hankali ɗaya ta zame gaba, har maganar ta tashi daga magana ta koma wani kiɗa mai sarƙaƙiya. Da wani ne, da ya kai rikodar wurin mai gyara. Shi kuwa a nan ya samu hanyar da ya bi shekara da shekaru.

A 1970 ya je Jami'ar Gana da ke Legon ya koyi kiɗan Ewe a hannun gwanin makaɗi Gideon Alorwoyie, har zazzaɓin cizon sauro ya kore shi gida bayan 'yan makonni. Shekara ta zagayo ya fito da Drumming, kiɗan da kan kai awa guda, amma duka an gina shi kan salon bugu guda ɗaya. Bai sa gangunan Ewe a ciki ba. Tsarin ya ɗauko, yadda bugu daban-daban ke shiga cikin juna kowanne na riƙe da wurinsa. A ganina wannan ya fi mutunci a kan a ɗebo kayan kiɗan mutane don ado kawai, ko da yake sunan ɗalibin ya zaga duniya, na malamin kuwa sai wanda ya bincika. A Clapping Music na 1972 ma babu kayan kiɗa sam. Mutum biyu ne ke tafi, ɗaya ya tsaya kan salonsa, ɗaya yana gusawa da bugu guda lokaci-lokaci har su sake haɗuwa.

Aikinsa da zai fi kama kunnen Bahaushe shi ne Different Trains na 1988. Ya naɗi muryar matar da ta yi renonsa, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da Yahudawan da suka tsira daga kisan 'yan Nazi. Sai ya bi hawa da saukar kowace murya ya rubuta, ya ba masu gogen Turawa na ƙungiyar Kronos su kaɗa daidai yadda aka furta. Duk wanda ya taɓa jin kalangu na kiran sunan mutum a gidan biki ya san dabarar.

Arvo Pärt na ƙasar Estoniya shi ta hanyar shiru ya bi. Bayan Credo na 1968, wanda ya ɓata wa hukumomin Tarayyar Sobiyet rai, ya kusan daina fitar da sabon aiki har shekara takwas, yana nazarin tsofaffin waƙoƙin coci. Ya dawo a 1976 da ƙa'ida mai tsauri: murya ɗaya na taka sautuka ɗaya bayan ɗaya, ɗayar ba ta fita daga sautuka uku. Kaija Saariaho 'yar Finlan, wadda ta rasu a 2023, ita da kwamfuta ta yi nata sauraren a cibiyar IRCAM ta Faris, tana tsattsage sautin goge ɗaya tak don ganin ƙananan sautukan da ke ɓoye a cikinsa, ta gina kiɗa a kansu.

Kada a ɗauka Afirka wurin ɗiba ce kawai a wannan fage. Akin Euba, ɗan Najeriya da ya rasu a 2020, ya daɗe yana rubuta wa fiyano kiɗan da ke sa ta yi aikin gangunan Yarabawa, Joshua Uzoigwe kuma ya bi sahu da Talking Drums.

Sai batun abinci. Galibi wata ƙungiyar makaɗa ko masu shirya biki ne ke ba da kwangila, su faɗi yawan makaɗa da mintoci da ranar kawowa. Wanda bai samu ba sai ya nemi na tuwo a wani wuri. Philip Glass direban tasi ne a New York lokacin da aka nuna aikinsa Einstein on the Beach a 1976, kuma bai ajiye tuƙin ba sai da ya haura shekara 40.