Hannun Gwamnati a Cikin Tukunyar Uwargida

Yau za mu leƙa madafa ne, amma ba girki za mu koya ba. Tambaya ce nake da ita: shin uwargida kin san cewa gwamnati na da hannu a cikin tukunyar da kike ɗorawa kullum? To, gyara zama ki ji.

Mu fara da gishiri. Iyayenmu za su tuna lokacin da maƙoƙo ya zama ruwan dare a wasu yankuna, ki ga mace da ƙullutu a wuya tana rufewa da mayafi. Abin da ke kawo shi galibi rashin sinadarin aidin ne a abinci. Ba wuya kaɗai yake taɓawa ba. Idan mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ba ta samun cikakken ginuwa. A 1993 gwamnatin Najeriya ta wajabta sanya aidin a duk gishirin da za a sayar don ci. Dabarar ita ce, babu gidan da ba a cin gishiri, mai kuɗi da talaka, don haka maganin ya shiga kowane gida ba tare da an je asibiti ba.

Haka aka yi a 2002, aka tilasta wa kamfanoni ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa. Shi ne ke kare yara daga dundumi, yana kuma ƙarfafa jikinsu wajen yaƙi da cuta. Idan kin duba jikin galan ko leda za ki ga hoton ido, alamar ke nan an sanya shi. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki su ke sa ido a kai.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙa. Doka tana iya kama kamfani, amma da wuya ta kai ga man da ake ɗurawa a tsohuwar gora a shanya a rana bakin kasuwa. Ba a san inda ya fito ba, kuma ko da akwai bitamin a ciki, hasken rana na kashe shi. Gishiri ma idan an bar shi a buɗe cikin laima, aidin ɗin yana raguwa. Don haka ki sayi na leda, ki zuba a mazubi mai murfi, ki kawar da shi daga bakin murhu.

Wata za ta ce, to tunda gishiri magani ne, sai a yawaita. A'a 'yar uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano. Ki lissafa guda nawa kike murzawa a miya, ga yajin taliyar yara, ga na suya. Yawan gishiri na jawo hawan jini, shi kuma ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ki rage dunƙule, ki koma ga daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Maigida zai yi mita na 'yan kwanaki, sannan harshe ya saba.

Akwai kuma inda gwamnati ke shiga ta hanyar aljihu. A dokar kuɗi ta 2021 an sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Kwalba guda na iya ɗauke da sukari cokalin shayi 8 zuwa 9, kuma yawan shansa na kawo ƙiba da ciwon sukari da ruɓewar haƙori. Masana lafiya da dama sun ce harajin ya yi kaɗan, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sai farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100 kafin mutane su ja da baya sosai. Kafin su daidaita, ga zoɓo da kunun aya da tsamiya, ke ce mai auna sukarin da hannunki.

Sai batun abin da ƙasarmu za ta iya ciyar da mu da shi har jikokinmu. Yawancin alkamar burodi da taliya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da dala ta motsa sai burodi ya tashi. Gero da dawa kuwa suna jure ƙarancin ruwa, wake yana ƙara wa gona ƙarfi, zogale na tsiro a bayan ɗaki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Idan gwamnati za ta ciyar da 'yan makaranta, kamar shirin da aka ƙaddamar a 2016, kamata ya yi ta saya daga manomanmu, ta taimaka da rumbuna da injin niƙa da hanyar kai kaya kasuwa. Babu amfanin a ce wa uwargida ta ci mai kyau alhali ya fi ƙarfin kuɗin cefanenta.

Saboda haka idan masu neman ƙuri'a sun zo taron mata, ko an kira ku zama a asibitin unguwa, ku tambaye su me suka tanada game da abincin yara da farashin hatsi. Gobe kuma in kin aiki yaro kanti, ki ce ya duba hoton ido a jikin galan, ya duba ko gishirin mai aidin ne.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa. A gaida yara, a huta lafiya.