Motar da ta ɗauka etanol take sha: Abin da ya sa sauya fulogi ba ya hana wasu akori-kura kakkarwa

A harabar ma'aikatun Abuja da cikin ayarin manya, ba a rasa manyan motocin nan ƙirar Amurka irin su Chevrolet Silverado da Tahoe da Ford F-150, ko Toyota Tundra. Da yawansu na hannu ne aka shigo da su, kuma wasu na ɗauke da murfin tanki ruwan ɗorawa mai rubutun E85. Galibin direbobi ba sa kula da wannan murfi, alhali sau da yawa a bayansa amsar take idan mota ta soma kakkarwa da sassafe, abin da makanikai ke kira "misin".

E85 mai ne da ake haɗa fetur da etanol, sinadarin da Amurka ke tatsa daga masara. Etanol ɗin da ke cikinsa yakan kama daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, gwargwadon yanki da yanayin sanyi. An ƙera waɗannan motoci ne su sha fetur zalla, ko E85, ko gaurayensu. Sai dai man biyu ba sa ƙonewa iri ɗaya. Kilo 1 na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7, shi kuwa E85 wajen 9.8 kawai. Saboda haka idan E85 ne a tanki, dole kwamfutar mota ta ƙara wa nozul lokacin feshi, har man da ke shiga silinda ya ƙaru sosai.

Gidajen man Abuja ba sa sayar da E85. To amma kwamfutar ba ta ganin famfon gidan mai, lissafi take yi.

Wasu motocin suna da na'ura a jikin bututun mai da ke auna etanol kai tsaye: ta aika sigina mai bugu 50 a daƙiƙa idan babu etanol, 150 idan shi ne zalla. Kamfanin General Motors ya cire wannan na'ura daga manyan motocinsa tun daga ƙirar 2006 har tsawon wasu shekaru, ya bar wa kwamfuta ta yi hasashe. Duk lokacin da aka zuba mai, sai ta saurari na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa. Idan ta ji iska ta yi wa mai yawa, sai ta yanke cewa sabon man mai etanol ne, ta rubuta adadi, ta ci gaba da aiki da shi.

Nan ne gizo ke saƙar. Abubuwa da dama na sa iska ta rinjayi mai ba tare da ɗigon etanol ba: famfon mai da ya gaji, ko roba da ta tsage tana zuƙar iska ta bayan fage, ko na'urar auna iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko salansa da ta huje kafin na'urar oksijin. Kwamfuta sai ta ɗora laifin a kan mai. A haka motar da ba ta taɓa ɗanɗana E85 ba tun da ta sauka a tashar ruwan Legas za ta iya rubuta cewa rabin tankinta etanol ne.

Alamun sun fi bayyana da safe. Injin da ya kwana da sanyi ba ya sauraron na'urar oksijin sai ta yi zafi, don haka yakan dogara kacokan da adadin da ke rubuce, ya kwarara mai fiye da kima. Mota ta yi ta gurnani kafin ta tashi, warin ɗanyen fetur ya cika gareji, baƙin hayaƙi ya biyo baya, fulogai su yi kunkunniya. Da rana ta yi, injin ya ɗumama, sai ta ɗan lafa. Makaniken da ya kwance fulogi ya gan shi baƙi ƙirin bai yi ƙarya ba idan ya ce ya mutu. Amma sababbin da zai ɗaura su ma haka za su koma cikin 'yan makonni, kuma hadimin da ke sa hannu a takardar gyara zai sake ganin fulogi takwas da koyil a lissafi.

Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma masu na'urar karanta ta ba su yi ƙaranci a garejin Apo ba. Lambar P0301 zuwa P0308 na nuna silindar da ke tsallake wuta. Idan guda ce, gwajin ba shi da tsada: a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta, idan lambar ta bi koyil, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya a inda take, sai a duba fulogi da nozul, sannan a auna matsin silindar. A injin GM mai lita 5.3, wanda ke kashe silinda huɗu don tsimin mai, ƙarafan ɗaga bawul na silinda ta 1 da 4 da 6 da 7 sun yi suna wajen maƙalewa, kuma wannan aikin buɗe inji ne.

Idan kuwa lambar P0300 ce, wato matsalar ba ta zaɓi silinda ba, musamman in ta zo tare da P0172 da P0175 masu nuna mai ya yi yawa a ɓangarorin injin biyu, to layin da ya kamata a nema a allon na'urar shi ne na kason etanol. Share lambobi kawai ba ya goge shi.

Ana iya tabbatar da gaskiyar abin da ke tanki da kwalbar awo mai mililita 100. A zuba ruwa har layin 10, a cika da man motar, a girgiza, a bari ya kwanta. Etanol yakan rabu da fetur ya bi ruwa. Idan ruwan ya tsaya a kan 10, babu etanol. Idan ya haura wajen 18 ko 19, akwai kusan kashi 10. Gwajin ba ya bambance etanol da metanol, sinadarin da ya yi yawa a man da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022, wanda janye shi ya haddasa dogayen layuka a Abuja da Legas. Murfi ruwan ɗorawa ba kariya ba ne daga metanol, littafin motar ma ya hana zuba shi.

Idan kwalba ta ce babu, kwamfuta ta ce 50, sai a fara gyara abin da ya ruɗe ta, famfo ne ko roba, sannan a mayar da adadin daidai da na'ura mai wannan iko. Wanda ya goge adadin ya bar tsagaggiyar roba, a shan mai na gaba kwamfutar za ta sake koyon kuskuren. Ya kamata a sauya baƙin mai ma, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yakan zirara ya tsinka shi.

Littafin GM ya shawarci mai sauya nau'in mai ya zuba aƙalla lita 11, kuma ya yi tafiyar kilomita 11 nan take don kwamfuta ta kammala lissafinta. Fitilar injin kuwa, idan ta daina tsayawa cak ta soma ƙyaftawa, ɗanyen mai ne ke isa tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira "indomi", yana ƙona ta. A irin wannan hali ba a ƙarasa tafiyar Kaduna, gefen titi ake nema.