Daga Zauren Taro Zuwa Karmajiji: Me Makafi Da Kurame Ke Samu?

Ranakun 2 da 3 ga Afrilun 2025 aka yi babban taron duniya kan al'amuran nakasassu a birnin Berlin, inda Jamus da Jodan suka karɓi baƙunci. Shi ne na uku. Na farko a Landan aka yi shi a 2018, na biyu kuwa Norway da Ghana suka shirya a 2022, ta intanet saboda korona. Matsayar da aka tashi da ita a Berlin ba ta da wuyar riƙewa: tunda wajen kashi 15 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata nakasa, to nan da 2028 a tabbatar aƙalla kashi 15 na ayyukan raya ƙasa da ake yi da tallafin waje sun sa su a gaba.

Mazaunin Abuja in ya ji an ce kashi 15 sai ya yi murmushi, don ya taɓa jin irinta a ƙofar gidansa. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka hallara a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗinsu ga harkar lafiya. Yau an haura shekara 20, Najeriya mai masaukin baƙin ma kasonta yawanci bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Saboda haka ban ga laifin wanda ya ce taro dai shan shayi ne da karɓar alawus ba. Sai dai ban yarda da shi gaba ɗaya ba, kuma tarihin kurame ne ya hana ni yarda.

A watan Satumbar 1880 malaman kurame daga ƙasashe daban-daban suka taru a Milan ta Italiya. Kusan dukkansu masu ji ne. Suka kaɗa ƙuri'a cewa daga ranar a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta masu karanta leɓe da ƙoƙarin furta magana. Hukuncin kwana shida ya ci kusan shekara ɗari yana aiki. An sallami malamai kurame daga makarantu, an riƙa hukunta yara in an kama su suna zance da hannu, yaro ya shafe shekaru yana fama da furta harafin da bai taɓa ji ba, lissafi da tarihi suna jiransa. Sai a 2010, a zaman da wannan taro ya yi a Vancouver ta Kanada, aka fito fili aka ce an yi kuskure. Wanda duk ya san wannan labari ba zai ce takardar bayan taro ba ta komai ba. Tana yi, in ta samu masu ɗaukarta su kai ta aji.

Mu a nan sai aka yi sa'a ta wani ɓangaren. Wanda ya fi kowa yaɗa makarantun kurame a Afirka ta Yamma, Andrew Foster, shi kansa kurma ne, baƙar fata ɗan Amurka, kuma da hannu yake koyarwa. Ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960. Amma da yaren hannun Amurka ya zo, kuma a kansa aka gina wanda ake koyarwa a makarantun Najeriya har yau, wanda kuma shi ne tafinta ke yi a gefen allon talabijin ko a gaban zauren taro a Abuja.

To, kuramen ƙasar Hausa ba zaune suke ba harshe suna jiran Foster ba. Suna da nasu, maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, suna gadonta daga manyansu a majalisa da kasuwa da wurin sana'a. Wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta a 2000, ta nuna harshe ne cikakke mai tsarinsa. A Kano masu ji da yawa ma suna ɗan taɓawa, mai shayi da mai nama ba sa rasa yadda za su yi ciniki da kurma. Abin da wannan ke nufi shi ne, kurman da ya yi makarantar Tudun Maliki a Kano ko ta Kuje a Abuja zai bi tafintan taro, amma wanda bai shiga aji ba, ya tashi da maganar hannu zalla, da kyar zai tsinci wani abu. Masu shirya taro sun biya tafinta, sun ɗauki hoto, sun rubuta a rahoto cewa an tafi da kowa. Shi kuwa bawan Allah kallo kawai ya yi.

Makafi su ma suna da nasu taron, amma nasu alheri ya haifar. A Yunin 2013 aka ƙulla yarjejeniya a Marakesh ta Maroko kan littattafai. Kafin nan, a ƙasashe da yawa, in makaranta ta ɗauki littafi ta mayar da shi rubutun makafi ko ta naɗi karatunsa ba da izinin mai shi ba, ta taka dokar haƙƙin mallaka, kuma ƙasa ba ta iya aika wa maƙwabciyarta irin wannan kwafi. Ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana kukan cewa abin da mambobinta ke iya karantawa bai kai kashi 10 na littattafan da ake bugawa ba. Yarjejeniyar ta ɗage wannan shinge. Najeriya ta amince da ita a 2017, ta kuma sa ta cikin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023.

Sai mutum ya ga yadda ake rubutun zai gane girman abin. Kowane harafi ɗigo ne a cikin gurabe shida, uku a hagu uku a dama. Ɗalibi yana sa takarda mai kauri cikin wani allo mai ramuka, ya riƙe ɗan tsinken ƙarfe yana hudawa daga dama zuwa hagu kamar mai rubuta ajami, sannan ya juya takardar ya shafa tudun ɗigon da yatsa daga hagu. Shafi ɗaya na littafin boko yakan ci shafi biyu ko uku, littafi guda ya zama ɗauri-ɗauri. Yaron da ke makarantar makafi ta Jabi, in an ce yau doka ta yarda a buga masa kowane littafi, an cire masa ƙaya ɗaya. Saura injin bugawa, da takarda, da wanda ya iya aikin, da wutar lantarki. Waɗannan ba a Marakesh ake raba su ba. Inda aka samu hukuma ta sa kanta, ana ganin bambanci: tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, har da Abuja da Kano.

Uwar dukkan takardun ita ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta Disambar 2006. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar a 2010, sannan aka shiga jan ƙafa. Majalisar dokokin ƙasar ta sha zartar da ƙudurin dokar nakasassu, yana zuwa fadar shugaban ƙasa ya kwanta. Sai a Janairun 2019, wata shida bayan taron Landan kuma ana dab da zaɓe, bayan nakasassu sun sha tare ƙofar majalisa a Abuja, Buhari ya sa hannu. A 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa, aka ba James Lalu, kurma daga Filato, jagorancinta. Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024.

Dokar ba ta da laifi a takarda. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda nakasa zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Ma'aikatun gwamnati su ba nakasassu aƙalla kashi 5 na guraben aiki. Karatu kyauta har sakandare. An ba gine-ginen jama'a da motocin haya shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Duk lokacin da aka tashi maganar gyara, hankalin kowa kan tafi ga gangaren siminti da keken guragu zai hau, don shi ake gani, shi ake yanke wa ƙyalle. Makaho da kurma ƙafarsu lafiya lau, matakala ba ta dame su ba. Abin da ya tare su bayani ne. Dokar ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar yin magana da marar lafiyar da ba ya ji, ta ce a sa rubutun makafi da yaren hannu cikin manhajar makarantu. A zahiri, mace kurma da ta je awon ciki sai ta tafi da ƙanwarta ko ɗanta ƙarami ya yi mata tafinta, ta faɗi sirrin jikinta ta bakin yaro, ko ta haƙura ta zauna gida. Makahon da aka rubuta wa magani sai ya nemi mai karanta masa kwalin. Hukumar zaɓe ta fito da wata ambulan mai rubutun makafi da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, mutum ya shafa sunan jam'iyya ya dangwala ta ramin da ke gefensa. Dabara ce mai kyau, sai dai dattijon da ya makance da furfura bai taɓa koyon rubutun ba, har yanzu ɗan jagora ne ke riƙe masa yatsa.

Kuma irin wannan dattijo shi ne mafi yawan makafinmu. Binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum wajen miliyan 1.1, kuma arewa maso gabas ta ninka kudu maso yamma. Kashi 84 na wannan makanta abu ne da ake iya karewa ko warkarwa. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Aikinta kuwa bai kai rabin awa ba: a kashe zafin idon, a ɗan tsaga gefensa, a zaro ƙwayar da ta yi fari, a sa ta roba a madadinta, washegari a cire bandeji mutum ya ga jikokinsa. Amma binciken ya tarar cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, sama da kashi 40 ba likita ne ya taɓa su ba. Masu maganin gargajiya ne da ke bin ƙauyuka, suna tura yanar can cikin ido da abu mai tsini, kuma mafi yawan waɗannan idanu sun tafi ke nan. Mutane ba don rashin hankali suke miƙa idonsu ba. Shi mai tsinken har gida yake zuwa, asibitin ido kuwa sai an yi kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna.

Kunne ma haka abin yake, sai dai shi ko ƙididdiga irin wannan ba a cika yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 na kurumtar yara ana iya kare ta. Sanƙarau, ƙyanda, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe, shawarar jarirai, wasu allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa yaro ba bisa ƙa'ida ba, duk suna kashe ji. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji. Zazzaɓin Lassa shi ma yakan bar wasu da kurumta.

A fannin kare makanta, haɗin kan ƙasashe ya taɓa yin rana. Tun da kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta a 1987, aka riƙa raba ta ƙauye-ƙauye shekara bayan shekara, makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa ta ja baya ƙwarai. An katse yaɗuwarta a jihohi irin su Filato da Nasarawa da Kaduna, kuma a Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da cutar. Abin da ya bambanta wannan da sauran alkawura shi ne an san maganin, an san wanda zai biya, an san wanda zai ɗauki sandar awon tsawo, wadda da ita ake sanin yawan ƙwayar da za a ba mutum, ya bi gida-gida. Abin takaici, a daidai lokacin da ake tafi a Berlin, Amurka na rushe hukumarta ta agaji, Birtaniya kuma ta riga ta sanar da rage nata tallafin. Aikin da ya dogara da aljihun baƙo, ranar da baƙon ya ɗaure jakarsa sai ya tsaya.

Daga babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da ke Garki, wanda aka yi wa kwaskwarimar biliyoyin naira aka sake buɗewa a Yunin 2025, tafiyar mintoci ce a mota zuwa Karmajiji a kan hanyar filin jirgi. Can aka tsugunar da nakasassu zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, lokacin da aka kwashe mabarata daga tituna. Yawancinsu Hausawa ne daga jihohin arewa, cikin ɗakunan kwano, makafi da guragu da kutare, suna da sarkinsu da shugabannin rukuni kamar yadda aka saba tun zamanin da kowane babban gari ke da Sarkin Makafi. Su ne suka san wane ne ya makance bara, wace yarinya ce aka cire daga makaranta don ta ja wa kakanta sanda. Ƙasar da ba ta yi ƙidaya ba tun 2006, wadda adadin nakasassunta ke yawo a bakin jami'ai daga miliyan 19 zuwa sama da 30, da ta nemi waɗannan shugabanni da ta rage lalube. Amma da wuya ka gan su a kan teburin taro, don da Turanci ake yinsa.

A Oktobar 2024 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ba mabarata wa'adi su bar titunan birnin, aka kuma fito da jami'ai da motoci ana kame. Dokar 2019 ɗin ita kanta ta haramta fakewa da nakasa a yi bara, da kuma yawo da nakasasshe don neman sadaka. Ita ce kuma, 'yan shafuka kaɗan a gaba, ta yi alkawarin kashi 5 na guraben aiki. Sashen hana bara ya samu motoci da jami'ai cikin mako guda. Sashen ba da aiki kuwa tun 2019 yake jiran wanda zai bi ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga.