Inshorar Dabbobi: Shin Ta Cancanci Kuɗin Manomi?

A ƙasashen Turai, kamar Ingila, mutane sukan yi wa kare ko kyanwa inshora, domin in dabbar ta kwanta ciwo kamfani ya biya kuɗin likita. Mu a nan yankin Tiga, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, in muka ji haka sai mu yi dariya. Amma tambayar ta shafe mu, sai dai namu abin tunanin shi ne shanun noma da awaki da kaji. Manomin da sansa na garma ya mutu ana tsakiyar huɗa ya rasa sa, ya kuma rasa damina.

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1983 ba, lokacin da cutar bushiya ta share garkuna a Arewa. Mun gode wa Ubangiji, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Amma ciwon huhu yana nan, haka ma ciwon hanta da ke kama dabbobin da ke kiwo a fadamu da bakin ruwa, irin wuraren da suka yawaita tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Masu kaji kuma sun ɗanɗana murar tsuntsaye a 2006.

Gwamnatin Tarayya ta soma shirin inshorar aikin gona a 1987, aka kuma kafa hukumar NAIC da doka mai lamba 37 ta 1993. Dokar ta tanadi cewa gwamnati za ta ɗauki rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona da dabbobi. Yadda abin yake shi ne, manomi zai biya wani ɗan kaso na darajar dabbarsa kowace shekara. In ta mutu ta hanyar da aka rubuta a takarda, a biya shi diyya. In ba ta mutu ba, kuɗinsa ba ya dawowa.

To, ina riba? Bari mu yi misali kawai. A ce a kan kowace naira 100 ta darajar sa ana biyan naira 5 a shekara. Sai an shekara 20 kafin abin da aka biya ya kai kuɗin san. Ga mai shanu biyu tak, musamman wanda ya saye su da bashi, wannan ciniki ne mai kyau, gama mutuwar ɗaya za ta durƙusar da gidan. Amma mai kaji goma da akuya uku, wahalar zirga-zirga da cike takardu za ta fi asarar. Gara ya kashe kuɗin a kan allurar rigakafi da maganin tsutsa.

Kafin mu sa hannu, wajibi ne mu yi tambayoyi uku. Na ɗaya, sata tana ciki? Waɗanda ke kusa da dajin Falgore sun san dalilin wannan tambaya. Na biyu, cikin kwana nawa za a kai rahoto, wane ne kuma zai duba gawar? Na uku, in sa ya jikkata muka yanka shi don kada a yi asarar naman, kamar yadda muka saba, za a biya mu? A nemi wanda ya iya karatu ya karanta mana takardar gaba ɗaya.

Wasu 'yan'uwa suna ganin inshora rashin bangaskiya ce. Mu ba mu ga haka ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, Allah ne kuwa ya ba shi wannan hikima. Dogara ga Allah ba ta hana ɗaure akuya.

Inda inshora ta yi nisa, ikilisiya tana kusa. Zumuntar mata ta daɗe da sanin adashe. Me zai hana zumuntar maza ta buɗe asusun shanu, kowa ya zuba mudu kaɗan da kaka, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a? Ranar da san ɗan'uwa ya faɗi, ba zai yi kuka shi kaɗai ba. Muna roƙon dattawan ikilisiyoyinmu su sa wannan magana cikin taronsu kafin ruwan farko ya sauka.