Daga Toyota Zuwa Nomau: Gonar Da Ke Cikin Suna

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Katsina a garin Bici zai ga Toyota da Honda suna wucewa ba adadi. Kaɗan ne suka san cewa sunayen nan biyu suna ɗauke da kalmar gona.

A rubutun Sinawa akwai wani harafi mai siffar fili mai kusurwa huɗu da aka raba gida huɗu, kamar gona da iyakokinta. Suna kiransa "tiyan", ma'anarsa gona. An same shi a rubuce jikin ƙasusuwa da ƙoƙon bayan kunkuru na zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. In aka haɗa shi da harafin ƙarfi sai ya ba da kalmar namiji, wato mai zuba ƙarfinsa a gona. Har yau sunan zuriya ne a ƙasar Sin.

Da Japanawa suka ari rubutun, sai suka riƙa furta harafin da "ta" ko "da". Toyoda, zuriyar da ta kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937, na nufin gona mai yalwa. Tanaka, firaministansu daga 1972 zuwa 1974, sunansa na nufin tsakiyar gona. Arzikin masana'antu bai sa sun ji kunyar sunayen ba.

Mu ma muna da irin wannan gado. Bayan sunan yanka da ake raɗawa ran suna, kakanninmu kan laƙaba wa jariri sunan lokacin da ya zo duniya. Wanda aka haifa ana shuka shi ne Shibkau, na lokacin noma Nomau. Akwai Anaruwa, akwai Marka, wadda ta zo a tsakiyar damina, ga kuma Cigero da Ciwake na kaka. A ƙauyukan da ba a yankar takardar haihuwa, waɗannan sunaye su ne kundin tarihi. Da jin sunan tsoho an san yanayin da aka haife shi.

Yanzu fa? A cikin ɗaliban da nake koyarwa, da wuya in ci karo da mai amsa irinsu. Ana ce musu sunayen ƙauye. Abin da ke damuna shi ne, yaron da ya taso yana jin Nomau abin dariya ne, da wuya ya ɗauki fartanya da daraja. Alhali a ƙasar Bici, inda gona ke jingine da gona, gero da dawa da gyaɗa ne suka biya kuɗin karatun da yawanmu.

Ba ina cewa a taɓa sunan yanka ba, wannan yana nan da martabarsa ta addini. Roƙona ga iyaye da kakanni shi ne a ci gaba da laƙaba sunayen gona, malaman Hausa kuma su tattara su daga bakin tsofaffi tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.